A Ƙafa Daga Gashaka Zuwa Kan Dutsen Gangirwal

Jawabin da wani ɗan kasuwar goro na nan Sabo, Ibadan, ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata

   

Shugaba ne ya ce tunda mutane sun dame ni da tambaya a rumfa a kan tafiyar da muka yi zuwa duwatsun Jihar Taraba a watan Disamba na 2021, to gara in tsaya gaban jama'a in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata Islamiyya da lissafin huhun goro. Saboda haka abin da idona ya gani da abin da na bincika na tabbatar, shi zan faɗa.

Da farko dai, ina ne wurin? Sunansa Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Gwamnatin tarayya ta kafa shi a 1991, shekarar da aka yanki Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ta hanyar haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti da aka riga aka killace. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun dajin da ya kai shi girma a Nijeriya. Ɓangaren Gumti yana Jihar Adamawa, na Gashaka yana Taraba, gabas kuwa ya jingina da Kamaru. A cikinsa dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan yake, wato Chappal Waddi, wanda mutanen wurin ke ce wa Gangirwal. Tsawonsa mita 2,419. Kudu da gandun kuma sai tudun Mambila, inda garin Gembu yake.

Wannan yanki da a hannun Jamus yake, cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, mutanensa suka zaɓi Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Har yau ƙaramar hukumar Gembu Sardauna ake ce mata. A kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin Jamusawa, mun hau mun gani, sai tarin duwatsu da ciyawa.

Mu huɗu muka tashi daga nan: ni, da wani abokina mai fataucin shanu wanda ya san Mambila, da ɗana, da wani ɗan bautar ƙasa da ya taɓa zama a Taraba, shi ne ma ya kawo shawarar. Ta Lakwaja da Makurɗi muka bi, muka shiga Taraba, muka kai Bali, daga Bali sai Serti. A Serti ofishin gandun yake, nan kuma Lamdo Gashaka yake zaune. Ba a shiga dajin da ka. Sai ka yanki takarda, a rubuta sunanka, a haɗa ka da ma'aikacin daji mai bindiga da ya san hanya. Muka ɗauki 'yan dako biyu daga mutanen wurin.

To, a nan ne na fara gane bambancinmu da kakanninmu. Kowa ya san fatake sun yi ta ratsa wannan ƙasa a ƙafa, ta Gashaka zuwa Banyo, suna neman goron ƙasar Bamenda da hauren giwa. Mutum da gammo da kaya a ka, wata da watanni, madugu na gaba. Mu jikokinsu kuwa, abin da aka ba ni in goya jakar baya ce kawai, irin mai maɗauri a kafaɗa da ƙugu. Ciki akwai bargo, da rigar sanyi, da tocila, da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, ganyen shayi da sukari. Ko kusa ba ta kai nauyin huhu ɗaya ba. Amma kafin azahar ta ranar farko kafaɗuna kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Shekara talatin ina zaune kan benci ina ƙirga kuɗi, ashe ƙafa ta manta aikinta.

Daga ƙauyen Gashaka muka taka zuwa wani wuri da ake kira Kwano, inda masu binciken birai suka yi sansani. Tafiyar rabin yini ce ga irinmu. Da farko daji ne irin wanda muka sani, dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, ga tsando yana cizo ta cikin riga. Ma'aikacin ya ce kada mu sa baƙin kaya ko shuɗi, don su ne launin da tsando ke bi. Can sai hanya ta gangara, muka faɗa kurmi. Jama'a, da rana tsaka amma kamar magariba ta kusa. Itatuwa sun haɗe kai a sama, wasu gindinsu ya yi fuka-fukai kamar katanga, mutum biyu za su ɓuya a tsakani ba a gan su ba. Ruwan rafi kuwa garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasa da kifi.

Dabbar da muka fi gani ita ce bika, wato gwaggon biri. Garke-garke suke yawo, uwa da ɗa a bayanta kamar mahayi, babban namiji ya zauna kan dutse yana kallonmu kamar mai jiran mu biya haraji. Sai wani biri baƙi mai farin gashi da ya zubo masa ta gefe kamar alkyabba, da doguwar wutsiya mai farin tukku. Da asuba yake kuka, wani irin gurnani mai kama da inji, in wani garke ya fara sai na tsallaken kwari ya amsa. Mun ga mazo, mun ga gada, mun ga mugun dawa ya ɗaga wutsiya yana gudu da iyalinsa. A kogin Kam, inda ruwa ya yi zurfi, mun hango dorina, sai hanci da kunne kawai a waje. Ɓauna kuwa sawunta da kashinta muka tarar, da ɗumi. Ma'aikacin ya ɗaga hannu, muka yi tsit, muka kauce ta wata hanya. Ya ce ɓaunar da ta ware daga garke ta fi damisa haɗari, domin damisa gudunka take yi.

Amma wanda ya tsaya mini a rai, ban ma gan shi sosai ba. Mutanen wurin suna ce masa biri mai ganga, Turawa na ce masa cimfanzi. Dalilin sunan shi ne yana dukan waɗannan fuka-fukan gindin itace da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa kurmi, 'yan'uwansa su san inda yake. A dare na biyu, gab da asuba, muka ji shi. Da farko ihu a hankali, yana hawa yana hawa har ya zama kururuwa, sannan dim, dim, dim. Wallahi gashin jikina ya tashi. Ɗana ya riƙe mini hannu kamar ƙaramin yaro, shi da ke da gemu.

Da gari ya waye aka nuna mana shimfiɗarsu. Kowane dare kowannensu yakan tanƙwara rassa a saman itace ya yi gado sabo, gobe ya bar shi. Aka nuna mana tsinkayen da suka yar bakin ramin kwarkwasa. Sukan karyo tsinke, su zage ganyen, su zura a rami, kwarkwasa ta hau, su suɗe. Haka suke yi wa zuma. Ma'aikacin ya ɗauki ɗaya ya nuna mini bakinsa, an tattauna shi ya yi laushi kamar aswaki, don ya fi kwaso zumar. Na juya wannan tsinke a hannuna na daɗe ina kallo. Daga baya muka hango baƙin abu guda yana sauka daga itace can nesa, ya waiwayo sau ɗaya, ya shige. Iyakar ganina da shi ke nan. Masana suna ƙiyasin akwai kamar guda 1,000 a gandun, kuma irin wannan jinsi babu shi ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru. Giwa da zaki kuwa, dattawan Gashaka suna ba da labarinsu, amma yanzu sai dai labarin.

Ita kwarkwasar nan, in ba ku shawara: in kun ga layinta a hanya, ku tsallake da sauri, kada ku tsaya kallo. Abokina mai shanu ya tsaya gyara takalmi a kusa da su. Babban mutum, Alhaji guda, sai da ya tuɓe wando a tsakiyar daji.

Bayan kwana uku muka koma Serti, muka shiga mota zuwa Mambila. Daga Mayo Selbe hanya take fara hawa, tana nannaɗe dutse kamar rawani, kwari a gefe ba ka son leƙawa. Kunne ya toshe. Kana kaiwa sama sai ka ce wata ƙasa ce daban. Babu kurmi, sai tuddai masu gajeriyar ciyawa iya ganinka, da shanun Fulani, da dogayen itatuwan turare da aka dasa. Tsayin wurin kamar mita 1,600 ne, shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara. Daga Nguroje muka hau acaɓa zuwa Njawai, daga nan kuma sai ƙafa.

Hawan Gangirwal kwana biyu ya ɗauke mu, saukowa kwana ɗaya da rabi. Ana ce masa dutsen mutuwa, amma ba hawan igiya ba ne, tafiya ce kawai mai tsawo, hawa da gangara, ka ƙure wannan tudu ka tarar wani na jiranka. Abin da ke wahalarwa numfashi ne da sanyi. Ɗan bautar ƙasar ya yi mana bayani cewa duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6, iska kuma na yin sirara. Na gaskata shi da asuba, lokacin da na sa hannu cikin buta. Sanyin hunturun Kano wasa ne. Har wake ya ƙi nuna, wai a can sama ruwa na tafasa tun bai yi zafin da yake yi a nan ƙasa ba. Sai muka koma kwaki da ƙuli-ƙuli.

Mun kwana kusa da rugar wasu Fulani. Ba su san mu ba, amma suka kawo mana kindirmo da tuwon masara, suka ƙi karɓar ko kwabo. Da na fito da goro fari guda goma daga jaka, tsohon ya karɓa da hannu biyu kamar na ba shi saniya. Da gurguwar Fulatancina da tasa Hausar muka raba dare muna hira.

Abin da ya ba ni mamaki a saman shi ne, duk inda tudu ya yi lungu sai ka ga ɗan kurmi ya maƙale a ciki, itatuwan gajeru, gansakuka ta lulluɓe su tana reto kamar gemun tsoho. In ka shiga ƙasa jiƙe take, alhali rani ne. Hazo da gajimare suna bi ta cikin ganyen, ruwa na ɗiga. Daga ƙarƙashin kowane irin kurmin nan sai ka ga ɗan ruwa yana tsattsafowa, wanda tafin hannu zai iya tarewa. Ma'aikacin ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Shi ne ka haye kan gada a Makurɗi." Wato waɗannan 'yan ruwaye su ke haɗuwa su zama Kam da Gashaka da sauransu, su zuba a kogin Taraba, Donga kuma ta taso daga Mambila, duka su faɗa Binuwai, Binuwai ta tarar da Kwara a Lakwaja. Kurmin ne ke riƙe ruwan damina kamar soso yana sakinsa kaɗan-kaɗan har rani ya wuce. In aka sare shi ko wuta ta cinye shi, ruwan zai sauko gaba ɗaya da damina ya yi ɓarna, da rani kuma a rasa. Kuma mun ga inda wutar da ake sa wa ciyawa don sabon tsiro ta ci gefen kurmin, shekara bayan shekara yana tsukewa.

Ranar da muka kai ƙololuwa, wajen hantsi ne. Ba wani gini, sai iska mai neman ture mutum. Gajimare yana ƙasa da mu. Ma'aikacin ya nuna gabas ya ce Kamaru ke nan. Muka sha shayi, muka ɗauki hoto, muka juyo, domin ba wurin zama ba ne.

To jama'a, yanzu na zo kan dalilin da ya sa na yarda in tsaya a nan, don ba labarin yawon buɗe ido kaɗai na kawo muku ba.

A kan hanyar Bali zuwa Serti mun ga kututture birjik a daji. Na tambaya aka ce madobiya ce, can suna ce mata madrid. Daga wajen 2014 aka yi mata rubdugu a Taraba, ana yanka ta gunduwa-gunduwa, tirela na kwasa zuwa Legas, jirgin ruwa na kaiwa Sin, inda ake kujeru masu tsada da ita. Abin ya yi yawa har a 2018 hukumar duniya mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Abokina mai shanu ya fi ni jin zafin wannan, domin madobiya ce Bafulatani ke sassabo wa shanu ganyenta a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Waɗanda suka sare ta sun sami na babur da na aure, an kashe an wuce. Makiyayi kuma ya rasa abin ba dabba, sai ya tura cikin gandu ko gonar wani, rigima ta tashi. Saniyar da ta rame a can, mu ne nan za mu saye ta da tsada a kara.

Sai ɗan kunya. Tsofaffinmu sun san shi, dabbar nan mai ɓawo a jiki kamar sulke, wadda in an taɓa ta sai ta dunƙule. Ba ta cizo, ba ta da haƙori ma, tururuwa da gara take ci, kuma yawanci ɗa ɗaya take haifa. A 2018 aka ba da labarin cewa kyamarar da masu bincike suka ɗaura a itace ta ɗauki hoton babban jinsinsa a Gashaka. Tun 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikin ɓawonsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka, a watan Afrilu na 2019 an kama kwantena a Singafo da ta taso daga Nijeriya, ɗauke da fiye da tan 12 na ɓawon, an rubuta wai naman shanu ne. A 2021 kwastan sun kama wasu tan-tan a Legas. Ku yi lissafi da kanku, ku 'yan kasuwa ne: dabbar da ɓawonta bai fi cika 'yar jaka ba, guda nawa za a kashe kafin a cika kwantena? Kuma ɓawon nan, masana sun ce abu ɗaya ne da farcen hannunmu.

Me ya haɗa mu da wannan? Ku dubi inda muke zaune. Kayan da ya taso daga dajin Taraba ko Kamaru zai je Apapa, dole ya bi ta hannun direba, da mai sito, da dillali, da mai masauki. Waɗannan kuwa sana'o'inmu ne tun da aka kafa Sabo a 1916. Da amana muka ci abinci a garin nan: baƙo ya sauka, mai gida ya ajiye masa kaya, ya sayar masa, ya riƙe masa kuɗi ba takarda. Wannan amanar ce masu fasa-ƙwauri ke nema su hau. Mutum zai zo da sallama da Hausa a bakinsa, ya ce Alhaji ajiye mini buhu ashirin zuwa jibi, citta ce ko ƙaho, ga la'ada ninki uku. La'adar da ta wuce ƙa'ida ita kanta tambaya ce. Shi mai kayan yana can wata ƙasa da wayarsa. Ranar da aka zo kame, wanda aka samu da makullin sito shi za a sa wa ankwa, kuma dokar kare namun daji ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ba ta san "ajiya aka ba ni" ba. Gobe jarida ba za ta rubuta sunan mutum ɗaya ba, cewa za ta yi an kama Hausawa. Mu da ke zaune a garin wasu mun san abin da irin wannan kanun labari ke jawowa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Na san wani zai ce, to talakan da ke bakin dajin me zai ci? Tambaya ce mai kyau, kuma na yi ta. 'Yan dakon da suka bi mu, ɗayansu da bakinsa ya ce da farauta yake yi. Yanzu in baƙi sun zo yana samun na dako, matarsa na sayar musu da abinci. Ban ce ya wadata ba, baƙin ba su da yawa, hanya ba kyau, wani lokaci kuma tsaro kan hana zuwa. Ma'aikatan dajin ma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a hannun ɓarayin katako da mafarauta. Amma biri mai ganga ɗaya da ke raye, mu huɗu mun biya kuɗin takarda da jagora da dako da abinci da acaɓa saboda shi, kuma yana nan wasu za su sake biya. Wanda aka harbe kuwa sau ɗaya za a sayar da shi. Ko a goro, ba mai hankalin da ke sare itacen don ya tsinki 'ya'yan.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abu biyu, su duba a zamansu na gaba. Na ɗaya, masu sito da masu masauki da shugabannin direbobi su yi yarjejeniya cewa ba a karɓar ajiyar buhun da ba a kwance bakinsa an gani ba, ko na wane ne. Na biyu, samarinmu da aka haifa a nan, waɗanda iyakar saninsu da ƙasar nan tagar mota ce daga Ojo zuwa gida da sallah, a yi musu adashe su je su gani da idonsu.

Wanda ke da niyya, lokacin zuwa daga Disamba ne zuwa Maris, kafin ruwa ya sauka koguna su cika. A fara tuntuɓar ofishin gandun a Serti a ji halin da hanya da tsaro suke ciki kafin a tashi. A tanadi kwana goma zuwa sha biyu har da tafiyar mota. A nemi takalmi mai kauri wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, ba sabo ba, da rigar sanyi ta gaske, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Kuma wata guda kafin tafiya a riƙa taka ƙafa kullum da asuba, ko daga nan zuwa Mokola ne a zagayo. Hotunan suna wurin ɗana, bayan an tashi duk mai so ya zo ya gani.